Kano Zuwa Agadas a Mota: Shirin da Nake Yi Kafin Na Tayar da Inji

Tsakanin Kano da Agadas kimanin kilomita 700 ne ga wanda ya bi ta Daura da Damagaram. A takarda tafiyar yini guda ce da 'yan kai. A ƙasa kuwa, da zarar ka bar Tanut ka fuskanci arewa, za ka daɗe kana tafiya ba gidan mai, ba mai faci, waya ba sabis, motar da ke bayanka kuma tana iya yin awanni ba ta iso ba. Shi ya sa duk shirina a kan tambaya ɗaya yake: in motar nan ta mutu a inda babu kowa, kwana nawa ni da waɗanda na ɗauko za mu yi da ranmu da lafiyarmu, kuma wa ya san inda zai neme mu?

Zumunci ne yake kai ni. Yayata tana aure a can cikin tsohon gari, kuma tun ina saurayi nake bin hanyar, da a motar haya, daga baya a tsohuwar Hilux ɗina. Hanyar kanta ta kaka da kakanni ce. Ayarin gishiri ya bi ta ya sauko Kurmi, turkuɗin Kura ya bi ta ya hau, har yau kuma muna da unguwar Agadasawa a cikin birni. Abin da zan faɗa a nan na mai tafiya da motarsa ne, shi da iyali ko abokai, ya sauka Agadas ya dawo gida.

Ka sa tafiyarka tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Rana da sauƙi, inji ba ya shan wahala, taya ba ta fashewa barkatai. Sai dai ka shirya wa sanyi, don na Agadas a Disamba da Janairu ya fi na Kano cizo, da asuba ruwan alwala sai an ɗumama. Bargo, rigar sanyi, hula da safa ga yara, da man kaɗanya saboda leɓe da kaushi. Akwai kuma ranakun da hazo ke rufe gari har ba ka hango motar da ke gabanka. Ran da ka haɗu da irin wannan, kunna fitila, rage gudu, in ya yi tsanani ka sauka daga kwalta sosai ka jira.

Afrilu da Mayu zafi yana wuce 40 a ma'auni, lokacin sanƙarau ne kuma. Ba na ɗaukar mata da yara a waɗannan watanni sai dole ta kama, irin ta rasuwa. Damina ma tana da nata. Ruwan Agadas kaɗan ne, amma yana sauka a kan duwatsun Abzin ya gangaro ta ƙoramu a lokaci guda. Ƙoramar da ka tsallake a bushe da safe, da yamma tana iya jan mota. A Satumban 2009 ƙoramar Telwa ta yi ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a cikin Agadas. In ka tarar da ruwa yana gudu a kan hanya, kashe mota ka shimfiɗa tabarma. Yana wucewa. Mai son ganin taron makiyaya na Ingal, a Satumba ake yi. Bikin Biyanu na cikin gari kuwa a watan Muharram yake, sai ka duba inda ya faɗo a shekarar.

Maganar tsaro ita ke yanke komai

Kafin takardu, kafin bakanike, ka san halin da hanya take ciki a satin da za ka tashi. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka, sai a Maris na 2024 aka buɗe. A 2025 an sace wasu Turawa mata a cikin Agadas kanta. 'Yan fashi kuma ba sa tambayar mutum ƙasarsu, mota mai ƙarfi irin Hilux ita suke so. Labarin da ya kwana wata guda ba shi da amfani a wannan hanya.

Mutum uku nake tambaya, kuma ba na haɗa su wuri ɗaya. Na farko mai masaukina a Agadas. Na biyu direban da ya sauko daga can jiya ko shekaranjiya, ana samunsa a tashar Agadas da ke Damagaram ko a harabar kamfanonin bas irin su Rimbo da STM. Na uku jandarman da ke shingen fita gari. In bakinsu ya zo ɗaya, bismillah. In ɗayansu ya ce, "Alhaji, da ka ɗan dakata," to na dakata. Ka sa wa ranka tun daga Kano cewa kana iya kaiwa Damagaram ka fasa, ko ka ajiye motarka a gidan amini ka shiga bas. Babu abin kunya a ciki. Bas tana tafiya da mutane da yawa, direbanta ya san kowane rami, kamfaninsu kuma ya san lokacin da ya kamata ta isa.

Akwai wata hanyar ta yamma: Sakkwato, Illela, Birnin Ƙonni, Tawa, Abalak, sannan Agadas, kimanin kilomita 400 daga Tawa. Ita ce hanyar da aka shimfiɗa don jigilar yuraniyam daga Arlit. Mutumin Sakkwato ita ta fi masa kusa, amma tambayar da zai yi sai ta fi tawa tsanani, don yankin Tawa ya sha fama da 'yan bindiga. Ni ta Damagaram nake bi.

Takardu ba su da wuya in ka haɗa su tun da wuri. Nijar ta fice daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, saboda haka kada ka dogara da katin ɗan ƙasa ko takardar tafiya ta ECOWAS kaɗai. Ka riƙe fasfo mai sauran wa'adi, na kowa, har yara. Ka riƙe katin rigakafin zazzaɓin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Na mota kuwa: lasisin tuƙi, takardun mallaka, takardar kwastan, da inshora. Ka yanki katin inshora mai ruwan ƙasa da ake tsallaka iyaka da shi, in ka je bakin iyaka ka tambaya ko sai ka ƙara da ta Nijar. In motar ba da sunanka take ba, mai ita ya rubuta maka takardar izini da sa hannunsa. Ka buɗe bonet tun a gida ka karanta lambar inji da ta shasi, ka gwada su da abin da ke rubuce, harafi da harafi, don 'yan duwan, wato kwastan na Nijar, za su yi hakan a gabanka. Su ne za su ba ka takardar shigar da mota ta wucin gadi. Ka duba kwanakin da aka rubuta a kai, su fi kwanakin da za ka yi. Kowace takarda ka yi mata hoto kwafi da yawa, na asali kuma su zauna a jaka ɗaya a jikinka. Baƙin gilashi a cire. Rigar da ta yi kama da kakin soja a bar ta a gida.

Mota da mai

Ƙaramar mota mai lafiya tana zuwa Agadas, mutane suna kai ta. Amma mai tsayin ƙafa ta fi, don akwai wuraren da kwalta ta mutu aka koma bin gefe, akwai kuma inda yashi ya hau hanya. An gyara wasu sassan, wasu sun sake lalacewa, kowace damina tana sauya lissafin. Toyota ta fi sauƙin samun kayan gyara a can, don ita ce motar yankin.

Ka kai wa bakanike sati biyu kafin tafiya, ba ana gobe ba, don ka sami damar yawo da ita ka ji ko gyaran ya zauna. Na kan tsaya a kansa ne, ba na aikawa. Lagireto nake fara dubawa: a wanke shi, a matsa kowane tiyo da hannu, wanda ya yi laushi ko ya fara tsagewa a canza, murfinsa ma a saka sabo. Sai fambel, a saka sabo a ajiye tsohon a mota. Sai birki, kuloci, shokozoba, da ƙafar mota gaba ɗaya, saboda gargada tana kwance duk notin da bai ɗauru ba. Batir ya zama mai ƙarfi, kuma a ɗaure shi tam. A zuba sabon baƙin mai, ka riƙe galan ɗaya na ƙari, da man birki.

Taya ita ce rabin tafiyar. Kada ka hau wannan hanya da 'yar gwanjo wadda ba ka san shekarunta ba. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna sati da shekarar da aka yi ta, ka karanta. Safaya biyu nake ɗauka, da kayan faci, da famfon iska mai aiki da batir, da na ƙafa ko da wancan ya ƙi. Jak biyu, da guntun katako mai kauri da za a ɗora jak a kai, don a yashi jak nutsewa yake. Shebur, igiyar jan mota mai ƙarfi, tocila, fis, waya da salatif, filaya da sifana. Ka gwada kwance notin taya da sifanarka tun a gida. Masu faci na gari suna ɗaure noti da inji, sai a daji mutum ya gane hannu ba ya kwance shi.

Lissafin mai kuma ka yi shi da biro. Daga Damagaram zuwa Agadas kimanin kilomita 450 ne. In motarka tana shan lita 12 a kilomita 100, lita 54 ke nan a hanya mai kyau. Ƙara kashi ɗaya bisa uku saboda yashi da ƙaramar giya da iska, ya zama 72. In tankinka bai kai haka ba, jarka ce za ta cike. Amma ka tsallaka iyaka da jarkokinka babu komai a ciki, don jarkar mai a bakin iyaka sunanta fasa-ƙwauri. A Damagaram za ka cika. Matatar SORAZ tana nan arewa da garin, za ka wuce ta a hanyar Tanut, tun 2011 take aiki. Duk da haka an yi ƙarancin mai a Nijar a farkon 2025, saboda haka duk inda ka ga gidan mai a buɗe ka cika tanki, ko da rabi ne ya ragu.

Wani lokaci dole ka sayi na kwalba a bakin hanya. Ga yadda nake yi. Na ɗaga kwalbar sama ta fuskanci rana, na karkata ta a hankali. In akwai ruwa za ka gan shi kwance a ƙasa, dunƙule, yana gangarawa daban da man. In ta yi tsabta, na shimfiɗa farin ƙyalle mai laushi a bakin mazurari, yaron ya zuba a hankali. In an gama ka dubi ƙyallen, sau da yawa za ka ga ɗan yashi ja da baƙin gari sun kwanta a tsakiya. Wannan ne da zai toshe maka filta a tsakiyar daji. Filtar mai biyu nake riƙewa ta ƙari, da ta iska ɗaya, kuma na sa bakanike ya nuna mini yadda ake canza su da hannuna.

Ruwa

A nan ne ba na sassauta wa kowa. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, da yawansu daga yankin Kance, nan kusa da mu. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Allah ya jiƙansu. Hanyar Damagaram zuwa Agadas ba ta kai wancan wuri kaɗaici ba, amma ranar da ke sama iri ɗaya ce.

Ƙa'idata lita 10 ga kowane mutum a kowace rana, na kwana uku, ko da tafiyar ta yini ɗaya ce. Mutum huɗu, lita 120. Na lagireto daban, lita 20, kuma shi ma mai tsabta ne da za a iya sha in ta ɓaci. Kada ka zuba duka a mazubi ɗaya. Jarkoki da yawa, ta yadda in ɗaya ta fashe sauran suna nan. Ka sayi sababbi, don jarkar da ta taɓa ɗaukar mai ko an wanke ba ta komawa ta ruwa. Direbobin can suna ɗinke jarka da buhun algarara su jiƙa shi su rataye a gefen mota, iska tana bugawa ruwan yana sanyi, dabarar salka ce ta mutanen da. Ka yi wa guda ɗaya haka, ita ce ta sha a hanya. Ka riƙa sa yara suna kurɓa tun ba su nema ba. Fitsari in ya yi duhu ya ragu, ruwa ya yi kaɗan a jiki. Ka riƙe ƙunshin gishiri da sukari na kemis. In babu, lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Alwala kuma, in ruwa ya zama na tsira da rai, Allah ya hore taimama.

Guzuri mai jure zafi: dabino, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da sukari, dambun nama, biskit, burodi. Kilishi da daɗi amma yana jawo ƙishi, a bar shi sai an sauka. Magani kuwa na zazzaɓi, na gudawa, na ciwon kai, bandeji, da duk wanda wani a cikinku yake sha kullum, na kwanakin tafiya da ƙarin sati.

Kuɗi ka canza a Wapa kafin ka tashi, ko a kasuwar Damagaram. Naira tana ɗan tafiya a garuruwan bakin iyaka, daga nan sai sefa. Ka nemi ƙananan takardu da silalla masu yawa. Ka kuma koyi ƙirgensu, don a kasuwa da dala ake magana: dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, dala ɗari sefa 500, jika kuma sefa 1,000. Kada ka tara kuɗinka wuri ɗaya. Abin da ba ka buƙata a hanya ka tura wa kanka ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Al Izza daga Damagaram, ka karɓa a Agadas. Ka sayi layin Nijar, Airtel ko Moov ko Zamani, biyu daban-daban in da hali, a yi maka rajista da fasfo. Ka sauke taswirar yankin a waya tun kana da intanet. Lambobin mai masauki da na gida ka rubuta su a takarda, don waya tana mutuwa.

Hanyar kanta

Rana ta farko mai sauƙi ce: Kano, Kazaure, Daura, Kwangwalam, ka tsallaka Ɗan Barto, Matamaye, Takeita, Damagaram. Kimanin kilomita 240, amma iyaka tana cin lokaci, don haka ka isa can da hantsi. Ka kwana Damagaram, in da hali kwana biyu. A nan za ka cika mai da ruwa, ka yi tambayoyinka, ka nemo abokin tafiya. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci ƙwarai. Mota biyu su tafi tare, ko ka daidaita da direban bas ko na wata motar da ta san hanya, ka bi bayansa, ku yi musayar lamba. Mai sha'awa ya zaga Birni ya ga fadar Sarkin Damagaram.

Daren da za ka tashi ka kira mai masaukinka ka gaya masa launin motarka da lambarta, mutum nawa ne a ciki, da lokacin tashi. Ku yi alkawari a fili: zan kira daga Tanut, zan kira daga Adarbisnat, in magariba ta yi ba ka ji ni ba, ka sanar da jandarma ka tayar da mota. Ka faɗa wa wani a Kano irin wannan. Wannan alkawarin shi ne amsar rabin tambayar da na fara da ita.

Ana sallame asuba ka kama hanya. A bakin gari za ka biya kuɗin hanya a ba ka rasit, ka adana shi, ana tambaya a gaba. Zuwa Tanut kimanin kilomita 150, ƙasar Damargu, gonakin gero suna raguwa, itatuwa suna gajarta. A Tanut ka ƙara mai, ka taɓa kowace taya da hannu, ka leƙa ƙarƙashin mota ko wani abu yana ɗiga, ka yi kiran farko. Daga nan sai fili da rijiyoyin makiyaya har Adarbisnat, inda za ka yi kira na biyu ka ɗan huta. Bayanta za ka gangara dutsen Tigidit, wannan doguwar ganuwar da ta miƙe gabas da yamma, daga nan ka san ka kusa. Sallah kuwa matafiyi ne kai, tafiyar ta wuce mil 48 nesa ba kusa ba, ka yi ƙasaru. In ka yi niyyar kwana huɗu a Agadas, kana shiga gari ka koma cikawa.

A shinge, tun daga nesa ka rage gudu, ka sauke gilashi, ka cire baƙin tabarau, ka kashe rediyo. Sallama tukuna. "Ranka ya daɗe, barka da aiki, ya rana?" Hausa suke ji kusan dukkansu. Ka miƙa abin da aka tambaya kaɗai, ka faɗi inda za ka da wurin wanda za ka, magana ɗaya a kowane shinge. Kada kowa a motar ya ɗaga waya. Ba a ɗaukar hoton shinge, ko soja, ko bariki, ko filin jirgi. A Agadas akwai sansanin jiragen da Amurka ta gina ta bari a 2024, wajen nan ko kallo kada ya yi yawa. Jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi kuwa kada ma ya shiga kayanka. In an ce a sauke kaya, a sauke da fara'a. Mutanen nan a rana suke yini, gorar ruwan sanyi in ka miƙa don Allah tana da daraja a wurinsu.

In ka ga yashi ya hau kwalta, rage gudu tun kafin ka shiga, sa ƙaramar giya, riƙe sitiyari sosai, ka bi sawun da ke akwai ba tare da taka birki ba. In ta kafe, ɗaga ƙafarka nan take, don ƙara wuta ƙara binne ta ne. A sauka, a haƙe gaban tayoyi, a rage musu iska, a shimfiɗa tabarmin mota ko rassa, a tura. Kuna hawa kwalta a mayar da iskar, in ba haka ba taya za ta yi zafi ta fashe. Da dare kuwa ba na tuƙi a wannan hanya ko kusa. Raƙumi yana kwanciya a kan kwalta saboda ɗuminta, jaki ba ya kaucewa, manyan motoci suna tsayawa ba fitila, masu tare hanya kuma lokacinsu ke nan. In la'asar ta yi maka a Adarbisnat, ka kwana nan kusa da jandarma.

To in ta mutu fa? Ku ture ta gefe, ku buɗe bonet, ku ɗaura tamfol ko zani a jikinta ku yi inuwa, kowa ya zauna. Kada kowa ya ce zai taka ya nemo taimako da rana tsaka. Mota ana hango ta daga nesa, mutum ɗaya a fili ba a ganinsa, kuma wanda zai zo nemanku hanya zai biyo. Ku lissafa ruwa, a ba mutum ɗaya amanar rabo, yara da mata da tsofaffi a gaba. Gyara a bari sai rana ta yi sanyi. Lagireto mai zafi ba a buɗe shi. Duk motar da ta tsaya, ko ba za ta iya janku ba, ku ba direban takarda da lambar mai masauki da inda kuke, ya kira in ya sami sabis. Da dare a kwana a cikin mota ko a kanta, da safe a kakkaɓe takalmi saboda kunama. Kai ma in ka tarar da wasu a tsaye, ka rage gudu ka karanci wurin. In akwai mata da yara da kaya a ƙasa, ko abokin tafiyarka ya san motar, ka tsaya ka ba da ruwa. In jikinka bai ba ka ba, ka wuce ka faɗa a shinge na gaba.

Hasumiyar babban masallaci za ka fara nema da ido, ginin ƙasa mai tsayin mita 27 da itatuwa a jikinta. Tun farkon ƙarni na 16 masallacin yake, aka sake gina hasumiyar a 1844, kuma a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Fadar Sarkin Abzin tana nan kusa. Ka shiga da tsarabarka: goro, turare, atamfa, ganyen shayi da sukari. In an ɗora buta a kan gawayi, ka zauna har kofi na uku, tashi kafin nan rashin ladabi ne.

Daga Agadas zuwa gaba, motarka ta huta. Timiya da lemunta, Ifarwan, Tabelot da albasarta, dutsen Bagzan, zanen raƙuman dawa na Dabus, duk wurare ne masu kyau, amma na jagora ɗan ƙasa ne mai izinin hukuma, da motarsa, in hali ya ba da dama. An binne nakiyoyi a yankin lokacin tawayen 2007 zuwa 2009, baƙo ba ya barin sawun da aka sani. Arlit kimanin kilomita 240 ce, hanyar kuma ta lalace ƙwarai, mai dole ya shiga bas. Dirku da Bilma kuwa sai cikin ayarin motoci da rakiyar soja. Duk wanda ya ce zai kai ka ta wata gajeriyar hanya shi kaɗai, ka yi masa godiya ka tashi.

Komowa ita ma tafiya ce cikakkiya, kuma a nan mutane suke sakaci don hankali ya riga ya koma gida. Kwana biyu kafin ka juyo ka kai mota gareji a hure filtar iska, a duba baƙin mai, a bi notin ƙafa ɗaya bayan ɗaya, a yi wa safayar da ka yi amfani da ita faci. Ka sake cika jarkokin ruwa cif, ka sake yin tambayoyin nan uku, ka ware sefar mai da ta kuɗin hanya kafin ka shiga kasuwa sayen cuku da dabino da kayan azurfa. Alkawarin kira kuma ya juya, yanzu mai masaukinka na Damagaram ne zai jira wayarka daga Adarbisnat da Tanut. A Ɗan Barto ka mayar wa 'yan duwan takardar shigar da mota, ka tsaya har ka ga sun rubuta fitarta a littafinsu, a kuma buga wa kowane fasfo hatimin fita kafin ka tsallako Kwangwalam.